Tekun Sodwana Sai da Kunya Irin ta Gidan Surukai

Duk wanda ya yi aure a ƙasar Hausa ya san akwai gida ɗaya da ba a shigarsa yadda ake shiga sauran gidaje. Kome girman mutum, kome kuɗinsa, ko da shi ne mai faɗa a ji a unguwarsu, in ya doshi gidan surukansa sai ya rage tsawo. Tun daga nesa zai tuɓe takalmi. Ba ya zuwa shi kaɗai, sai da aboki. A zaure zai tsaya, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya. Ba ya leƙe-leƙe, ba ya taɓa abin da ya tarar, in an kawo abinci sai ya bar wa abokinsa, kuma ba ya daɗewa. Babu wanda ya rubuta masa waɗannan a takarda. Ya dai san gidan ba nasa ba ne, kuma alheri aka yi masa da aka bar shi ya shigo.

Wannan ɗabi'a ita ce ta fi dacewa da wanda zai je Sodwana, wani lungu na gaɓar Tekun Indiya a arewacin lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, kusa da iyakar Mozambik. Daga Durban tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar a mota: ka bi babbar hanyar arewa, ka ratse a Hluhluwe, ka wuce garin Mbazwana, sai ga ka a ƙofar gandun. Sodwana yanki ne na gandun iSimangaliso, wanda ya miƙe kimanin kilomita 220 a bakin teku, kuma a watan Disambar 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ta ɗauki alkawarin adanawa. Abu uku ke kai mutane can: kwana a tanti, nutso cikin teku, da ganin kunkurun teku yana saka ƙwai. Kowanne da dokokinsa, kuma baƙi da yawa kan ji dokokin sun yi musu yawa, tunda dai kuɗinsu suka biya. Wanda ya taɓa durƙusawa a zauren surukai ba zai ji haka ba. Shi ma ya biya sadaki, amma sadaki bai taɓa mayar da gidan nasa ba.

Zauren wannan gida shi ne zangon da ake kafa tantuna. Hukumar kula da namun daji ta lardin, Ezemvelo KZN Wildlife, ta daɗe tana riƙe da shi. Yana cikin wani kurmi da ya tsiro a bayan tuddan rairayin da suka tare teku, don haka kana kwance cikin tanti kana jin rugugin ruwa dare farai, amma ba ka ganinsa sai ka haura tudu. A can watan Disamba shi ne tsakiyar zafi da ruwan sama, lokacin da mu muke fama da hunturu, kuma shi ne lokacin hutun makarantu, zangon kan cika maƙil. Musulmi ya lura da abu biyu: naman halal ya saye shi tun daga Durban, inda Musulmi suke da yawa, sannan alƙibla a nan arewa take, ba gabas ba, gabas kuwa teku ne, daga cikinsa rana ke fitowa. Akwai sauro, a tafi da shiri.

Yaran gidan ne ke fara fito maka. Tunkuna kan ratsa tsakanin tantuna a jere, 'yar gada ja kan fito da sassafe ta yi kiwo a gefen hanya, birai masu baƙar fuska kuma suna bisa kanka ko da ba ka gan su ba. Na ga wani biri a kan reshe yana kallon wata mata tana jera kayan karin kumallo. Bai motsa ba, ko wutsiya bai kaɗa ba, har sai da ta juya ɗaukar buta. Kafin ta waiwayo burodin yana bisa itace. Yara suka yi ta dariya, wani ya ɗauko ayaba zai miƙa, uwarsa ta riƙe masa hannu. Ta yi daidai. An hana ba su abinci, kuma dalilin ba ƙarami ba ne: birin da ya saba da hannun mutum yakan daina tsoro, ya fara ƙwace, ya fara cizo, ƙarshensa a harbe shi. Suruki na gari ba ya ɓata tarbiyyar yaran gidan da ya je gaisuwa, don kawai su so shi na yini ɗaya.

Fita teku da sassafe ake yi, kafin iska ta taso. Babu tashar jiragen ruwa a Sodwana. Wani tsinin ƙasa da ake kira Jesser Point ne ya ɗan kare lungun daga ƙarfin igiyar ruwa, daga nan ake tura kwale-kwalen roba masu inji biyu. Tarakta ce ke jawo su zuwa bakin ruwa, sannan kowa ya kama gefe, a tura har ruwa ya kai ƙugu ko ƙirji, direba ya ce a hau, a yi ta ɗarewa. Za ka cusa ƙafafunka cikin maɗauri, ka riƙe igiya da hannu biyu. Direban zai yi ta kewaye a wuri ɗaya yana karanta ruwan, ya bar wannan igiya ta wuce, ya bar waccan, sai ya ga sarari ya ba injin wuta gaba ɗaya. A nan za ka gane gaskiyar masu cewa da ɗan gari akan ci gari. Duwatsun murjanin da ake nufa an raɗa musu suna ne da nisansu daga wannan tsini: Mil Biyu, Mil Biyar, Mil Bakwai, Mil Tara. Mil Biyu ne ya fi karɓar baƙi, don yawancinsa bai cika zurfi ba.

Ba a nutso ba aboki. Wannan ita ce doka ta farko da ake koya wa kowa, ko ina a duniya. Kafin a faɗa ruwa abokinka zai duba tukunyar iskarka ko a buɗe take, ya duba maɗauran rigarka da dalmar da ke ƙugunka, kai ma ka duba nasa. A ƙasa kuma idonka na kansa, nasa na kanka, domin in iskar ɗayanku ta yanke, bututun ɗayan ne zai cece shi. Ango ma ba don ado yake tafiya da aboki ba. Abokin ne bakinsa in kunya ta rufe masa baki, shi ne kuma zai taɓa shi ya ce lokacin tashi ya yi.

Direba zai ƙirga uku, kowa ya dafe gilashin fuskarsa ya faɗa ruwa ta baya. Daga wannan lokaci magana ta ƙare. Kome iya zancenka, yatsu ne kaɗai harshenka: lafiya lau, akwai matsala, mu hau, mu sauka, ga sauran iskata. Kana sauka kunnuwanka za su fara ciwo, sai ka toshe hanci ka ɗan hura a hankali su buɗe, ka sake sauka kaɗan, ka sake hurawa. Wanda ya yi gaggawa a nan dodon kunnensa ne zai biya. Abin da za ka ji kawai shi ne numfashinka, da wani ƙas-ƙas da ƙananan jatan lande ke yi a cikin ramukan dutse. Launi ma canzawa yake. Ruwa yana fara shanye ja, don haka abin da yake ja jawur a sama sai ka gan shi ya koma ƙasa-ƙasa, sai an haska shi da fitila asalin launinsa ya dawo.

Abin da ke shimfiɗe a ƙasan nan, wanda ido ke ɗauka dutse ne ko tsiro, dabba ce mai rai. Murjani taron ƙananan halittu ne masu taushi, da yawansu suna gina wa kansu gida na farar ƙasa, kuma a cikin jikinsu akwai wani gansakuka da ke sarrafa hasken rana ya ciyar da su. Na Sodwana sun zauna ne a kan tsoffin tuddan rairayi da suka daskare suka zama dutse tun zamanin da teku bai kawo nan ba. Da ba don ruwan ɗumi na Agulhas da ke gangarowa daga arewa ba, da murjani bai rayu a kudu haka ba. Suna cikin na ƙarshe a wannan gefe na Afirka. Manyan dunƙulallun nan abin da suke ƙarawa a shekara bai wuce kaurin yatsa ba. Mai nutso ɗaya da bai iya daidaita jikinsa ba, ya harba ƙafa sau ɗaya, zai karya ginin shekaru. Shi ya sa ake cewa ka naɗe hannunka a ƙirji, kada ka taɓa kome, kada ka ɗauki kome, ko da ƙwaryar katantanwa ce da ba kowa ciki. Kuma taɓawar ba gidan kaɗai take cutarwa ba. Akwai kifin da yake kwance kamar dutse alhali ƙayarsa dafi ce, akwai murjanin da ke ƙona fata.

Ga inda ribar kunya take. An ƙirga nau'in kifi fiye da 1,000 a wannan ruwa, amma mai rawar kai, wanda ke bin wannan ya kori wancan da kyamara, wutsiyoyi kawai zai gani suna gudu. Wanda ya tsaya cik, ya rage numfashi, gidan ne zai manta da shi ya ci gaba da harkarsa. Na tsaya haka a gefen wani dutse, sai ga wani ƙaton kifi mai dabbare-dabbare, ya kusa tsawon mutum, ya zo ya tsaya ya wangale baki. Wani ɗan siririn kifi mai shuɗin zane, bai fi yatsa ba, ya shige cikin bakin, ya yi ta tsince masa ƙwari da saura-sauran abinci tsakanin haƙora, ya fito ta gefen kunne. Babban bai rufe baki ba har ƙaramin ya gama. A bayansa wani na jiran layi. Wannan ba abin da ake nuna wa kowa ba ne. Haka surukin da ya iya zama: a hankali sai ya ga mutanen gida sun saki jiki a gabansa, ya san gidan fiye da mai surutu.

Durƙuson ma akwai shi, na zahiri. A watannin zafi matan wani kifin shak mai tsage-tsagen haƙora sukan taru a dutsen da ya fi kusa da gaɓa, suna ɗauke da ciki, suna hutawa a ruwan ɗumi. Ba su cika cin abinci a wannan lokaci ba, har wani ɗan tsiro kan fito musu a haƙora. In an ba da izinin zuwa wurinsu, jagora zai sa ku durƙusa a kan rairayi ku yi shiru, ba mai matsawa, ba mai tare musu hanya. Su ne za su zo su wuce ta gabanka a hankali, in sun ga dama. In aka dame su sai su bar wurin, kuma su ne da asara, ba kai ba.

Baƙo raɓa ne. A ƙarƙashin teku wannan magana lissafi ce. Kowace mita 10 da ka sauka, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, don haka tukunyar da aka cika ta ba ta cika kai ka fiye da awa ɗaya ba, kuma wanda ya sami takardar farko ta nutso iyakarsa mita 18. Tashi kuma ya fi shiga wuya. Iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10 za ta ninka girmanta kafin ka iso sama, shi ya sa ba a taɓa riƙe numfashi, in ba haka ba huhu ya yage. Sannan jini yakan sha sinadarin naitirojin a ƙasa, in ka taso da sauri sai ya yi kumfa a cikin jijiyoyi da gaɓoɓi, abin da kan kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. Saboda haka a hankali ake hawa, a tsaya a mita 5 na minti 3 ana rataye cikin ruwa, sannan a fito. Ba a miƙewa zumbur a fice daga gaban surukai. Sai an nemi izini, an sake gaisuwa, an ja da baya. A cikin kwale-kwale direba kan raba alawa mai tsinke don ta kashe gishirin baki, sannan ya nufo gaɓa da gudu har jirgin ya hau kan rairayi.

Sai dai akwai inda teku ya fi surukai tsanani. Suruki in ya yi kuskure ana iya tura manya su ba da haƙuri, kuma in shekaru suka tura, 'ya'ya suka girma, kunyar takan yi sauƙi har ya zama ɗan gida. Teku ba ya karɓar biko, kuma ba wanda ya taɓa zama ɗan gida a cikinsa. Labarin wani kifi ya isa shaida. Masana sun ɗauka kifin silakant ya ƙare tun shekaru miliyan 66, a jikin duwatsu kaɗai suka san surarsa, sai a Disambar 1938 wani jirgin masunta ya kamo shi kusa da East London, ma'aikaciyar gidan tarihi Marjorie Courtenay-Latimer ta tsince shi cikin tarin kifi, masani J.L.B. Smith ya tabbatar da ko wane iri ne. Na biyu sai a 1952, a tsibiran Komoros. A watan Oktoban 2000 wasu ƙwararrun masu nutso, cikinsu har da Pieter Venter, suka gan shi da rai a wani kwazazzabo na ƙarƙashin ruwa a Sodwana, a zurfin da ya haura mita 100. Bayan wata ɗaya suka koma suka ɗauko hotonsa, duniya ta gani. A wannan nutson ɗaya daga cikinsu ya rasu. Ba sababbin hannu ba ne, mutane ne da suka san aikin ciki da waje.

Da dare kuma gidan wani iri ne. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu kunkurun teku iri biyu ke fitowa wannan gaɓa su saka ƙwai: mai babban kai, da kuma ƙaton nan mai bayan fata, wanda nauyinsa kan haura kilo 500, yake kuma iya nutsawa fiye da mita 1,000. Ba a zuwa sai da jagora mai izini. Za ku yi ta tafiya cikin duhu, kaguwa na tarwatsewa a gabanku, har jagora ya ga sawu ya fito daga ruwa ya haura tudu. Zai ce ku tsaya nesa, ku zauna, ku kashe kowace fitila. Uwar tana jan jiki da ƙyar, tana nishi, ta share wuri, sannan ta haƙa rami da ƙafafun baya, tana ɗebo rairayi da wannan ta zubar, ta ɗebo da waccan. A wannan lokaci ko haske kaɗan ko motsi zai iya sa ta fasa ta koma ruwa da ƙwanta. Sai ta fara sakawa ne jagora zai yafuto ku, ku zo ta baya, ya haska da jar fitila mara ƙarfi. Ƙwai wajen 100, farare, masu taushin ɓawo, suna faɗawa biyu-biyu, uku-uku. Ruwa na zuba daga idonta. Gishirin jikinta take fitarwa. Ba a tsayawa ta gabanta, ba a haska mata fuska. Mu da ba ma haɗa ido da surukuwa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani.

Bayan wata biyu 'ya'yan ke fasowa da dare. Zafin rairayin ne ke raba jinsinsu: in ya yi ɗumi sosai mata za su fi yawa, in ya yi sanyi maza. Suna fitowa sai su nufi inda ya fi haske, wanda tun asali shi ne saman teku. Tocila ɗaya ko fitilar mota ta isa ta juya su zuwa tudu, inda kaguwa da tsuntsaye da rana ke jiransu. Kaɗan ne ƙwarai ke kai wa ga girma, kuma wadda ta tsira sai bayan shekaru 20, 30 ko fiye za ta dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta ta saka nata.

Wannan kiyayewa ta yi amfani, ba zato ba ne. Tun 1963 ake bin gaɓar nan kowace shekara ana ƙirga kunkuru ana sa musu alama, aikin da sunan George Hughes ya shahara da shi, kuma yana cikin mafi daɗewa irinsa a duniya. Masu babban kai sun ninka sau da yawa tun daga lokacin. Masu bayan fata kuwa har yau matan da ke zuwa a shekara ba su cika kai 100 ba, domin su a tsakiyar teku suke gamuwa da ƙugiyoyin manyan jiragen kamun kifi da ledojin da suke haɗiya bisa zaton abincinsu ne. A 1996 gwamnati ta ƙi yarda a haƙi ma'adinai a tuddan da ke kudancin gandun, bayan doguwar jayayya. A ƙarshen 2001 ta hana tuƙa mota a bakin teku sai da izini a wurare ƙalilan, abin da masu kamun kifi da ƙugiya suka yi ta ƙorafi a kai. Ni dai ina ganin an yi daidai. Tayar mota ɗaya takan bar kwari a rairayi wanda ɗan kunkuru ba ya iya haurawa.

Saura masu gida na ainihi, waɗanda baƙo ya fi saurin mantawa da su. Kafin a ce gandu, mutanen Thonga da Zulu ne a wannan ƙasa, suna su, suna kiwo, suna noma. A Kosi Bay, can arewa, har yau suna kama kifi da shingayen itace da suka gada tun ɗaruruwan shekaru. A zamanin wariyar launin fata an tashi jama'a da yawa daga sassan wannan yanki da ƙarfi, sai bayan 1994 aka fara sauraron ƙararrakin mayar musu da haƙƙinsu, kuma har yanzu talauci bai bar ƙauyukan da ke kewaye ba. Matar da ke sayar maka da abarba da tabarma a hanyar bakin teku, da saurayin da ke ɗaukar maka tukunyar iska, da mai gadin kunkuru da ke kwana yana zirga-zirga a rairayi, 'ya'yan wurin ne. Yana ɓata mini rai in ga mutum ya biya kuɗi masu kauri don nutso ba tare da ya ce uffan ba, sannan ya tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa kan kuɗin kwando har sai ta sallama a faɗuwa. Ba a zuwa gaisuwar surukai hannu rabbana.

Mai karatu, in Allah ya nufe ka da zuwa, ka fara koyon iyo tun daga gida, sannan ka ware kwana huɗu ko biyar na farko don koyon nutso a hannun malami mai takarda. Akwai su a Sodwana. In kunkuru kake son gani, ka nufi Nuwamba zuwa Janairu. In manyan dabbobin nan na teku da ake kira wel ne, suna wucewa tsakanin Yuni da Nuwamba. Ka ɗauki jagora ɗan yankin, ka biya shi haƙƙinsa cikakke, ka bar tocilarka a tanti. Kuma ka tsara tafiyarka yadda za a sami yini guda cur tsakanin nutsonka na ƙarshe da hawa jirgin sama, domin naitirojin ɗin bai gama fita daga jininka ba.